Ƙarin da Sau-Biyu Ya Yi

Bayan azahar, idan unguwa ta yi tsit, mai gyaran famfon nan da ake kira Sau-Biyu yakan ji tankin bayan gida yana cika a ɗakin matarsa. Ƙarar siririya ce, irin ta ruwan da ke hawa a hankali bayan an ja. Ya san ba ruwa a layin. Shi da hannunsa ya rufe bawul ɗin, wato makunnin ruwan, bayan an kai ta makwancinta. Duk da haka yakan tashi ya je ya ɗaga murfin. Tanki a bushe, har gizo-gizo ya yi saƙa a ciki.

Sunan Sau-Biyu a wurin aiki ya same shi, tun yana koyo. Idan an ce a naɗa farin tef a bakin bututu, sai ya naɗa, ya ƙara. Idan ya ɗaure kan famfo, sai ya tattara kayansa, ya kai bakin ƙofa, ya dawo ya ƙara murɗawa. Maigidan da ya koya masa aiki ya sha gaya masa cewa ɗauri idan ya yi yawa shi ma yana fasa ƙarfe. Bai ji ba. Shi dai abin da ya sani, ruwa ba ya jin rantsuwa. Ka ce masa wallahi na ɗaure, zai bi ta inda ya ga dama. Haka ya ɗauki mutane, haka ya ɗauki kansa. Magana iska ce, abin da hannu ya yi shi ne a ƙasa.

Sai Allah ya haɗa shi da mace mai magana. Ɗinki take yi a gida, kowa Tela yake ce mata. Bakinta da kekenta tare suke tashi, tare suke tsayawa. A shekarun da suka yi bai taɓa ce mata ta yi kyau ba, bai taɓa cewa abinci ya yi daɗi ba, sai dai ya miƙa kwano a ƙara. Da ta haifi 'yarsu ta ƙarshe, wadda suke kira Auta, bai ce mata sannu da kyau ba. Fita ya yi, ya dawo da bututu, ya ja mata ruwa har cikin kicin. Ta fito da jaririya a kafaɗa, ta buɗe famfon, ta saurara.

"To, an gode," in ji ta. "Famfo ya faɗa a madadinka."

Ciwon ya shigo a hankali, bayan yara sun watse, Auta ta yi aure a wani gari mai nisa. Tela tana zaune sai zafi ya taso mata daga ƙirji ya rufe fuska, kamar ta leƙa tukunya. Sai gudawa, wadda ba ta neman izini. Takan bar mace tsaye da ma'auni a wuya ta ruga. Masu kawo ɗinki suka fara ja da baya. Alwala ba ta zama. Fatar wuyanta da bayan hannuwanta ta yi duhu, ta yi kaushi kamar ta ƙone. Aka sha maganin tsutsa, aka sha na taifot, aka sha na gyambon ciki. Sau-Biyu ya fasa bangon ɗakinta, ya yi mata bayan gida taku kaɗan daga gado. Tun daga nan ƙarar tankin ta zama agogon gidan. Ko yana tsakar gida yana yankan bututu, kunnensa na can.

Sai da suka kai ga babban asibiti aka gane. Likitar mace ce, ba ta da ƙawa a magana, abin da ya sa ya ɗan saki jiki da ita ke nan. Ta ce ƙari ne a ƙaramin hanji, kuma ya riga ya yi 'ya'ya a hanta.

Tela ta dubi mijinta. "Ka ji ko, Baban Auta? Ni da ƙari a ciki, kai da ƙari a hannu. Ai gidanmu ya cika."

Bai yi dariya ba. Likita ce ta yi.

Aka sa ta a kan allurar wata-wata. Ta yi aiki, daga baya ta gaji. A nan ne Likita ta zaunar da su ta yi musu maganar sabon magani da ake gwaji. Da ta ji sana'arsa, sai ta juya kujera ta fuskance shi.

"Malam, akwai wani sinadari a nama da ƙwai da madara da wake, ana ce masa tiriftofan. Ka ɗauke shi kamar ruwan da ke shigowa gida. Da ya shiga jiki sai layi ya rabu. Babban layi yana tafiya inda ake yin abubuwa da dama, har da wani bitamin da fata ke buƙata. Ƙaramin layi kuma yana zama sirotonin, wanda ke motsa hanji. Mai lafiya kaɗan yake bukata."

"Ƙarin ya yi haɗin sata," in ji Sau-Biyu.

"Ya yi. Ya janye ruwan zuwa ƙaramin layi. Hanji ya sha ya yi yawa, shi ne gudawar. Babban layi ya ƙafe, shi ne fatar. Wannan ƙwayar ba ta kashe ƙarin, kada in yaudare ku. Bawul ce. Tana kama ma'aikacin farko da ke kan ƙaramin layin, wato sinadarin da ke fara sarrafa tiriftofan ɗin, ta rage masa hannu."

"Ta yaya za a san ta kama?"

"Jikinta zai faɗa, fitsari ma zai faɗa. Ragowar sirotonin a fitsari yake fita. Mu auna a farko, mu auna a ƙarshe. Waɗanda nasu ya sauka za a ci gaba da ba su. Waɗanda nasu bai sauka ba, a tsayar."

Wannan ya yi masa. Ba a ce masa a yi haƙuri ba, ba a ce a sa rai ba. Mita aka nuna masa.

Ma'aikaciyar jinyar da ke kula da masu gwajin, wadda kowa ke ce wa Sista, ta ba su jarka mai duhu ta tara fitsarin yini da kwana. Ta ce a ranar tarawa da 'yan kwanakin da ke gabanta, banda ayaba, banda abarba, banda tumatir, banda fiya. Sau-Biyu ya maimaita mata. Ya kai ƙofa, ya dawo ya sake maimaitawa.

"Baba, ai ka haddace," in ji Sista.

"Ƙyale shi, 'yata," in ji Tela. "Ranar ɗaurin aurenmu ma sai da ya koma ya tambaya ko an ɗaura."

A lokacin Auta tana da cikin fari. Garinsu tafiyar yini guda ce a mota, motar da ba ta tsayawa don mutum ɗaya. Tela ba ta taɓa taka gidan 'yarta ba, ciwon ya riga ta. Abin da take so ke nan a duniya, kuma ba ta ɓoye ba: ta shiga mota kamar kowa, ta zauna har a isa, ta karɓi jikanta da hannunta. Ta fara ɗinka 'yan riguna tun ba a san mace ce ko namiji ba.

Ƙwayar ta kama. Ba rana ɗaya ba, amma ta kama. Sau-Biyu a kunne ya fara ganewa. Yana zaune ya ji shiru ya yi tsawo, ya tashi ya leƙa ɗakin. Tana kan keke tana zura zare. Wata rana ta yi sallar la'asar da alwalar azahar, ta idar ta zauna a kan darduma tana kuka. Wata rana ta je kasuwar yadi ta dawo da ƙafarta, ta cika gidan da labarin tsadar leshi. Shi kuwa ya je ya wanke tankin ya sauya masa roba, ko da yake ba abin da ya same ta.

Ana gab da awon ƙarshe sai cikin ya ɗan juya. Ba kamar da ba, amma tankin ya ƙara magana. Likita ta riga ta ce hakan na faruwa, a ci gaba da shan magani kawai. Sau-Biyu ya ji, amma ji daban, zama daban. Bai iya ganin haɗi yana tsattsafowa ya rungume hannu ba. Idan aka zo awo ciki yana gudu, a tunaninsa, za a ce maganin bai yi ba.

Wata rana yana gyaran wurin wanke-wanke a gidan wata tsohuwa, ta ga ya yi shiru fiye da kullum, ta tambaye shi mai jiki. Ya faɗa mata a taƙaice.

"Ɗanyen agade," in ji tsohuwa. "Wanda bai nuna ba. A dafa shi da ɗan gishiri. Yana ɗaure ciki tamau."

"An hana ta ayaba."

"Wa ya ce maka ayaba? Ayaba daban, agade daban. Kai ka taɓa ganin an ɓare agade an miƙa wa yaro?"

Bai tsaya nan ba. Da ya je wurin mai sayarwa ya sake tambaya, ko wannan ayaba ce. Mutumin ya nuna masa da wuƙa: "Ga ayaba can. Wannan agade ne, Alhaji. Ko kuɗinsu ba ɗaya ba." Baki biyu sun faɗa. Ya sayi nonon agade guda.

Bai taɓa ɗora tukunya ba tun da ya yi aure. Tela ta ji motsi a kicin ta fito, ta same shi yana fama da ɓawo, hannu duk danƙo.

"Lafiya? Bututun gas ne ya fashe?"

"Koma ki zauna."

"Yau na ga abin da ya fi ƙarfin ido. Bari in kira Auta ta ji."

Ya kawo mata a kwano, ya yanka ƙanana, gishiri ya ɗan yi yawa. Ya tsaya a kanta kamar yadda yake tsayawa a kan sabon haɗi. Ta dubi kwanon, ta daɗe.

"Baban Auta, wannan ba ɗan gidan su ayaba ba ne?"

"Sista ayaba ta ce. Na tambaya. Na sake tambaya."

Ta ɗago ta dube shi, nan ma ta daɗe. Sannan ta yi bismilla ta ci. Ta cinye tas. Ya dafa da safe, ya dafa da yamma, har ranar da aka cika jarka. Cikin ya lafa kuwa. Ya ɗauki jarkar da kansa ya kai asibiti, ya ɗaure murfin, ya ƙara ɗaurewa.

Fitsarin nesa ake aika shi, sakamako ba ya dawowa da wuri. Kafin ya dawo ƙwayoyin da aka ba ta sun ƙare, tankin ya koma aikinsa. Suka daure, a kan cewa da an kira su za a ci gaba.

Da aka kira su, Likita ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce awon bai sauka yadda ake bukata ba, an cire Tela daga waɗanda za su ci gaba. Ta ce ita kanta abin ya ɗaure mata kai, don jiki ya nuna sauƙi ƙarara. Sista da ke tsaye a gefe ta tambaya, me aka ci a kwanakin tarawa.

"Abin da aka saba, 'yata," in ji Tela da sauri. "Shinkafa, ɗan kifi."

"Da agade," in ji Sau-Biyu. "Safe da yamma. Ni na dafa."

Sista ta dafe baki. Likita ta cire tabarau ta ajiye.

"Malam, agade da ayaba gida ɗaya ne. Abin da ya sa muke hana su, su kansu suna ɗauke da sirotonin. Ba sa bi ta bawul ɗin. A gabanta suke shiga, su wuce kai tsaye zuwa fitsari."

Ba sai ta ƙara ba. Ya gani sarai kamar an zana masa a bango. An rufe layi, shi kuma ya zagaya da bokiti ya zuba a gaban bawul, mita ta karanta.

"Laifina ne, Baba," in ji Sista. "Ayaba na ce, ban ce da danginta ba."

Bai ko dube ta ba. "A sake awon."

"Yanzu ba ta kan maganin," in ji Likita. "Ko mun auna, ciwon kawai za mu gani. Kuma an rufe wannan zangon. Zan rubuta musu in faɗi abin da ya faru. Ba na so ka sa rai."

"Da ban ba ta ba, da ya sauka?"

Likita ta mayar da tabarau. "Mai yiwuwa. Ina zaton haka. Amma ban sani ba, kuma babu yadda za a yi a sani."

Da ta ce masa e, da ya san nauyin da zai ɗauka. Da ta ce a'a, da ya ajiye. Ta bar shi da haɗin da ba a iya gwadawa.

A bakin titi suna jiran mota, Tela ta gyara mayafi ta rufe wuyanta.

"Me ya kai ka faɗa? Da ka bari a kan shinkafa da kifi."

"Kin yi zargi ranar," in ji shi.

"Na yi."

"Me ya sa kika ci?"

"Kai ma dai, Sau-Biyu." Sai idan ranta ya ɓaci ko ya yi sanyi take kiransa da wannan sunan. "Tun ina da haƙora duka nake jiran ka ce mini wani abu. Ran da ka kawo shi a kwano, sai in ce a'a?"

Motar ta zo. Ya riƙe mata ƙofa. Wannan karon babu famfon da zai faɗa a madadinsa.

Amsar masu gwajin ta zo yadda Likita ta ce. Ba a jima ba Auta ta haihu, mace. Tela ta ji kukan jaririyar a waya, ta yi guɗa, ta ajiye wayar ta ruga bayan gida. Da ta fito ta ninke 'yan rigunan ta sa a leda, ta ce a nemi mai tafiya a ba shi saƙo.

Sau-Biyu ya karɓi ledar ya rataye a ƙusa. Ya fita. Akwai wani abokin aikinsa mai motar ɗaukar tayil, rufaffiya, ana ce masa Dogo. Ya aro motar ya shigo da ita bakin ƙofa. Ya share ƙurar siminti, ya shimfiɗa katifa. A kusurwar baya ya kafa kujerar masai a kan katako, ya ɗaure ta da kusoshi, ya sa jarka babba mai murfi a ƙasa, ya rataye wata a sama da ɗan famfo. Ya gwada da ruwa, ya girgiza motar, ya sake gwadawa. Sannan ya shiga ya ce mata tana da labule da za ta ɗinka, ga awon.

Ta fito ta leƙa. Ta dubi katifar, ta dubi kujerar da ke kusurwa.

"Yanzu a cikin masai za ka kai ni gidan surukai?"

"Masai ne a cikin mota. Ba ɗaya ba ne."

"Ayaba daban, agade daban," in ji ta. Ta ga fuskarsa, ta kama hannun rigarsa. "Wasa nake, Baban Auta. Kawo awon."

Dogo ne ya tuƙa. Duk ramin da zai shiga sai ya ɗaga murya: "Hajiya, a riƙe da kyau, ga gangara!" Ita kuma daga bayan labule ta ce masa tuƙinsa ko mai lafiya sai ya saki ciki. Sau-Biyu yana zaune a baya a kan akwatin kayan aikinsa, hannu ɗaya a kan jarkar sama. Tafiyar ta ba ta wuya. Ta isa a galabaice, leɓe a bushe, sai da aka riƙe ta ta sauka. Amma ta isa. Ta wanke hannu a ɗan famfon, ta shiga, aka ɗora mata jaririyar a cinya. Ta buɗe zanen ta duba yatsu, ta duba kunnuwa.

"Hancin kakanta ne," in ji ta. "Allah ya sa bakin nawa ne."

Ta sa mata rigar farko da hannunta. Ta yi mata yawa.

Bayan sun dawo ba ta sake fita ba. Likita ta ce abin da ya daɗe yana yawo a jininta ya taɓa ƙofofin zuciya. Ƙafafu suka kumbura, keken ya tsaya, daga baya bakin ma ya rage. Ta rasu da hantsi, yana tsakar gida yana jiran ƙarar tanki.

Har yanzu yana aiki, ko da yake gwiwa ta fara ƙi. Ya taɓa haɗuwa da Sista a hanya, ta gaishe shi har ƙasa, ta ce maganin yana nan ana ci gaba da gwada shi, kuma yanzu idan tana gargaɗi takan ce ayaba da agade da duk danginsu. Ya ce madalla. Bai ji komai ya sauka daga ƙirjinsa ba. Idan ya bi ta kasuwa yakan tsallaka titi kafin ya kai rumfar mai agade.

Masu ba shi aiki sun lura da wani abu. Yakan ɗaure, ya tattara kaya, ya kai ƙofa, ya tsaya. Sai ya daɗe a nan da sifana a hannu, bai koma ba, bai fita ba. Famfon kicin ɗin da ya ja wa Tela yana ɗiga yanzu. Da Auta ta zo da yarinyar ta ce, "Baba, gidan mai gyaran famfo?" Ya ce ta bar shi.

Ƙarar tankin kuwa ba ta daina ba. Bai gaya wa kowa ba, don magana ce, kuma ba shi da abin nunawa. Bayan azahar yakan zauna a kan akwatin kayan aiki a ƙofar ɗakinta, ya kasa kunne. Wata rana takan zo a jere, ya ji kamar ya tashi ya yi wani abu, ya danne hannuwansa a tsakanin gwiwoyi. Wata rana kuma shirun yakan yi tsawo, har inuwa ta kai bakin rijiya bai ji komai ba. A irin wannan ranar yakan ce a ransa, to, yau maganin ya kama.